Muhawara: hutu a jirgin ruwa lokacin annoba, ina ne abin ke lalacewa?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana harkar teku da na lafiya da ke zauren nan. Jiragen ruwan yawon shaƙatawa sun dawo aiki gadan-gadan, ƙungiyar kamfanoninsu ta ce sun ɗauki fasinja miliyan 31.7 a 2023, alhali a 2019, kafin korona, miliyan 29.7 ne. To idan wata annoba ta sake ɓarkewa mutum yana tsakiyar teku, abin da aka gani a 2020 ne zai sake faruwa? Kuma da gaske jirgi ya fi otal haɗari, ko suna ne kawai ya ɓaci?

Sista Mai Jinya:
Wa alaikumus salam Malam. A fara da jirgin Diamond Princess, don shi aka fi bin diddiginsa. Ya tashi daga Yokohama ta Japan ranar 20 ga Janairun 2020. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hong Kong ranar 25, aka tabbatar yana ɗauke da cutar korona ranar 1 ga Fabrairu. Mutum 3,711 ne a jirgin, fasinja 2,666, ma'aikata 1,045. Da ya koma Yokohama aka tsare shi, aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa kwana 14. Daga ƙarshe mutum 712 suka kamu.

Abin da ba a cika lura da shi ba, fasinja ake iya killacewa, ma'aikaci ba ya killatuwa. Dole wani ya dafa abincin wannan taro sau uku a rana, ya bi ƙofa-ƙofa da shi, ya kwashe shara, ya wanke zannuwa da tawul. Su kuma ma'aikatan nan bibbiyu ko fiye suke kwana a ƙananan ɗakuna a can ƙasan jirgi, zaure ɗaya suke cin abinci. A binciken farko da aka yi, cikin ma'aikata 20 da suka fara kamuwa, 15 masu aikin abinci ne. Sannan kusan rabin waɗanda gwaji ya kama ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su, ke nan auna zafin jiki a bakin ƙofa ba ya tare su.

Baban Yara:
Sista ban ƙi ta taki ba, amma akwai rashin adalci a kwatancen. Jirgi ana ƙirga marasa lafiyarsa ne, otal ba a ƙirgawa. Duk jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Amurka da wata ƙasa yana ƙarƙashin shirin tsaftar jirage na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wanda aka fara tun 1975. Sau biyu a shekara ake masa binciken ba-zata, maki 100 ne, wanda ya ci 85 ko ƙasa ya faɗi. Idan masu gudawa da amai suka kai kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko na ma'aikata, sai a wallafa sunan jirgin duniya ta gani. Wane otal ake yi wa haka? Wanda ya kwana biyu a otal ya kwashi cuta, sai ya koma gida take tashi, babu mai jingina ta ga otal ɗin.

Sista Mai Jinya:
Gaskiyarka a kan ƙirgen. Amma ko an cire wannan, jirgi na da abu uku da otal ba shi da su. Mutanen nan dai su ne tare kullum na tsawon mako ɗaya ko biyu, wanda ya ishi ƙwayar cuta ta yi zagaye biyu ko uku a cikinsu. Fasinjoji da yawa manya ne masu hawan jini ko ciwon suga. Na uku, asibitin jirgi ƙaramin wuri ne, likita ɗaya zuwa uku da 'yan gadaje, an tanade shi ne don ya riƙe mara lafiya zuwa tasha ta gaba, ba don jinyar mutum ɗari ba.

Injiniya:
Ku bari in shigo da maganar iska, don nan ake yawan yin kuskure ta ɓangare biyu. Wasu na cewa iyakwandishan ce ke raba cutar ɗaki-ɗaki, wasu na cewa ba ruwanta. Abin ya danganta da yadda aka saita ta.

Iskar teku tana da zafi da laima, sanyaya ta da busar da ita na cin wuta, wutar kuma daga man jirgi take. Don rage kashe mai, a manyan wurare kamar ɗakin cin abinci da zauren kallo ana haɗa sabuwar iska da wadda aka riga aka sanyaya a sake turo ta. Wannan mayarwar ce matsala idan matatar da ke kan hanya mai faɗin ido ce, irin wadda ƙura kawai take tarewa. Bayan 2020 kamfanoni da yawa sun koma matata mai ƙananan ido, mai lamba MERV 13, a asibitin jirgi kuma HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikuron 0.3 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai dai ba a cusa matata mai ƙarfi a tsohuwar na'ura haka kawai. Tana danne iska, fankar ta kasa turawa, iskar da ke shiga ɗakin ta ragu, an gudu ba a tsira ba. Sai an duba ƙarfin fanka, kuma gefen matatar ya zauna daram, don in akwai 'yar kafa iska ta can za ta bi.

Ɗakin killace mai cuta kuma dole iskar da ake zuƙewa daga cikinsa ta fi wadda ake turawa yawa, ta yadda in an buɗe ƙofa iska ciki za ta faɗa, ba waje ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a riƙe siririyar takarda a ƙasan ƙofa, in ta karkata ciki daidai ne.

Ga masu ɗaki mai baranda: kada a buɗe ƙofar baranda da ta farfajiya a lokaci guda. Iska za ta ratsa da ƙarfi ta kwashe ta cikin ɗakin ta zuba a hanyar da kowa ke bi. A jirage da yawa ma buɗe ƙofar baranda na kashe na'urar sanyaya ɗakin.

Kyaftin Ɗan Teku:
Injiniya da Sista kun yi bayani, amma a ganina duk kun tsaya a cikin jirgi, alhali abin da ya fi wahalar da mutane a 2020 a tudu yake. Jirgi ba ya sauke ko mutum ɗaya sai hukumar lafiya ta tashar ta ba shi izinin hulɗa da tudu. Kafin ya iso, kyaftin yana aika takardar shaidar lafiya, ya faɗi ko akwai wanda ya rasu, ko mai zazzaɓi, da tashoshin da ya biyo. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun ce kada a hana jirgi wannan izini don dalilin lafiya kawai, amma sun bar wa ƙasashe ƙofar ɗaukar ƙarin mataki, kuma ta wannan ƙofar kowa ya bi.

Westerdam ya bar Hong Kong ranar 1 ga Fabrairu, Filifins da Japan da Guam da Tailan duk suka ƙi shi, sai Kambodiya ce ta karɓe shi a Sihanoukville ranar 13. Zaandam ya tashi daga Buenos Aires ranar 7 ga Maris, kwana huɗu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba. Cile ta hana fasinjojinsa sauka, mutum huɗu suka rasu a ciki, sai da aka yi ta roƙo kafin ya ratsa mashigin Panama, bai samu sauke mutane ba sai 2 ga Afrilu a Fulorida. Gaba kura baya sayaki.

Kuma in tasha ta yi sakaci shi ma bala'i ne. Ruby Princess ya sauke kusan fasinja 2,700 a Sidni ta Ostireliya ranar 19 ga Maris, ba a jira sakamakon gwajin waɗanda aka ɗebi samfurinsu ba. Kowa ya hau mota da jirgin sama ya watse, aka danganta mutuwar mutum 28 da shi, har jihar da Sidni take ta kafa kwamitin bincike. To wace hukuma ce za ta ga wannan ta yi saurin buɗe wa jirgi na gaba? Shi ya sa nake cewa duk gyaran matata da aka yi bai taɓa wannan matsalar ba.

Injiniya:
Kyaftin ranka ya daɗe, ai biyun a haɗe suke. Tasha tana duba adadin masu cuta ne ta yanke hukunci. Jirgin da ya zo da mutum 5 a killace ba ɗaya yake da mai 200 ba.

Kyaftin Ɗan Teku:
A lokacin da aka san cutar, haka ne. A makonnin farko na sabuwar cuta ba adadi ake dubawa ba, tsoro ne ke aiki. Westerdam babu wanda aka tabbatar yana da ita a cikinsa lokacin da ake ta korar sa.

Mai Tambaya:
To gwaji kafin hawa fa? Na ɗauka shi ya warware matsalar da aka dawo aiki.

Sista Mai Jinya:
Ya rage, bai warware ba. Gwaji hoton rana ɗaya ne. Wanda ya kwashi cutar a filin jirgin sama jiya, yau gwajinsa zai fito lafiya, sai rana ta uku ko ta biyar ta bayyana yana tsakiyar teku. SeaDream I ƙaramin jirgi ne, ya tashi daga Barbados a Nuwamban 2020, an gwada fasinjoji kafin su baro gida an sake gwada su a bakin jirgi, duk da haka cutar ta ɓulla. Gwajin gaggawa na minti 15 kuma yana kuskure a farkon kamuwa, shi ya sa ake cewa a maimaita bayan awa 48.

Abin da ya yi aiki shi ne tara matakai. Mein Schiff 2 ya fita daga Hambug a Yulin 2020 bai tsaya a kowace tasha ba. MSC Grandiosa ya tashi daga Janowa ta Italiya ranar 16 ga Agusta da sharaɗin ba mai sauka yawo sai cikin ayarin kamfani, kuma wani iyali da suka ware daga ayari an hana su komawa jirgin. An rage yawan fasinja, an ware ɗakunan killacewa, an hana ɗebi-da-kanka a wurin abinci, ma'aikaci ne ke zubawa. A Amurka CDC ta hana tashi tun 14 ga Maris 2020, babban jirgi bai sake fita da fasinja masu biya ba sai Celebrity Edge ranar 26 ga Yunin 2021. Da nau'in korona na Omikron ya zo, ranar 30 ga Disambar 2021 hukumar ta sake cewa kowa ya guji hawa, ko ya yi allurar rigakafi ko bai yi ba.

Barista:
Ni ta fuskar kuɗi zan zo. Tikitin nan yarjejeniya ce doguwa, kuma kusan kowane kamfani ya rubuta cewa yana da ikon sauya hanya ko tsallake tasha ba tare da biyan diyya ba. A 2020 da aka soke tafiye-tafiye, kamfanoni da yawa sun ba da zaɓi: ka karɓi kuɗinka, ko ka karɓi takardar bashi ta kashi 125 don tafiya nan gaba. Ƙarin kashi 25 ɗin nan na da daɗin ji, amma in kamfanin ya durƙushe ka shiga layin masu bin bashi. Kuma sun durƙushe: Pullmantur da Cruise & Maritime Voyages a 2020, Crystal Cruises a farkon 2022. Wanda ya saya a Tarayyar Turai a matsayin tafiya haɗaɗɗiya, wato sufuri da masauki a kuɗi ɗaya, doka ta ba shi a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 idan kamfani ne ya soke, ba dole ya karɓi takarda ba. Biya da katin bashi ya fi tura kuɗi kai tsaye, don ana iya neman banki ya janyo kuɗin aikin da ba a yi ba.

Inshora kuma a karanta waɗannan kafin a biya. Shin ta ambaci annoba a cikin abubuwan da ba ta ɗauka? Da yawa ba sa biyan abin da aka riga aka sanar kafin ka saya. Shin tana biyan kuɗin otal da sabon tikiti idan aka killace ka a wata ƙasa? Shin tana biyan kwashe mara lafiya daga jirgi zuwa asibiti da mayar da shi gida? Wannan shi ne mafi tsada, yana iya kai dubban daloli masu yawa. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, a lissafin ɗakinka ake sa kuɗin. Akwai nau'in da ke ba ka damar fasawa don kowane dalili, amma yawanci kashi 50 zuwa 75 yake mayarwa, kuma sai an saye shi cikin mako biyu zuwa uku da biyan kafin alƙalami.

Hajiya Uwargida:
Barista Allah ya saka da alheri. Ni abin da nake so a fitar shi ne na zaman gida, don yawancinmu ba jirgin za mu hau ba, amma dokar kulle kowa ta shafa. Sista, idan mutum ɗaya ya kamu a gida, me za a ɗauko daga darasin jirgin?

Sista Mai Jinya:
Hajiya darasin farko shi ne na ma'aikatan abincin nan: mai hidima shi ne hanyar da cuta ke bi. Don haka mutum ɗaya tak ya riƙa kula da mara lafiya, kuma ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai ciwon suga ko asma ba. In da hali, kada shi ne ya riƙa rarraba wa sauran gida abinci. A ba mara lafiya ɗaki mai taga, ƙofa a rufe, taga a buɗe. A ajiye tire a bakin ƙofa a ja da baya. In dole a shiga, duka biyun su sa takunkumi, N95 ko FFP2 in akwai, a matse ƙarfen hanci, a hura a ji ko iska na fita ta gefe. Gemu mai yawa yana hana shi zama. In banɗaki ɗaya ne, mara lafiya ya shiga a ƙarshe, a bar taga a buɗe bayan ya fito.

Na'urar auna oksijin ta yatsa tana da amfani, in an iya ta. A huta minti biyar, a ɗumama hannu, a goge jan farce, a jira lamba ta tsaya. Daga 95 zuwa sama lafiya, in ta sauka 92 ko ƙasa a tafi asibiti ba jira. Kuma a sani na'urar tana iya nuna lamba sama da gaskiya a jikin mai duhun fata, saboda haka in numfashi ya yi sauri, ko mutum ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya, ko ya ruɗe, kada lamba ta yaudare ku.

Magani na kullum a riƙe na ƙarin kwana 14 aƙalla, a gida ko a tafiya. A Diamond Princess ƙarancin magani na cikin manyan koke-koke, don mutane sun ɗauko na iya kwanakin hutunsu ne. Matafiyi ya sa shi a jakar hannu, da takardar likita mai sunan sinadarin maganin, don sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Hajiya Uwargida:
To wanke kayan cefane da goge ƙofofi fa? An ce an samu cutar a ɗakunan Diamond Princess kwana 17 bayan mutane sun bar su.

Sista Mai Jinya:
Ɓurɓushin ƙwayar aka samu, wanda gwaji ke iya gani, wannan bai nuna tana da rai ko tana iya kama mutum ba. Daga baya CDC da kanta ta ce kamuwa da korona ta taɓa abu ba shi da yawa, iska ce babbar hanya. Amma kada a ɗauka kowace cuta haka take. Norobairos, mai sa amai da gudawa, wadda ta fi addabar jirage tun kafin korona, ta hannu da abinci da marikin ƙofa take bi, kuma man goge hannu mai barasa ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ne maganinta. Don goge wuri, in bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 ne, mililita 20 a cike da ruwa zuwa lita ɗaya. Inda aka yi amai, mililita 100 a cike zuwa lita ɗaya, a bar shi a jiƙe minti biyar. A haɗa sabo kullum, kuma kada a taɓa gauraya shi da wani sinadarin wanki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Injiniya:
Ƙari a kan na gida. 'Yar na'urar auna iskar da muke fitarwa, kabon dayoksaid, tana nuna ko ɗaki na samun sabuwar iska. A waje kusan 420 take nunawa. Ƙasa da 800 ɗakin na shan iska, in ta zauna sama da 1,500 iskar da wasu suka fitar kuke shaƙa. Taga biyu masu fuskantar juna a ɗan buɗe sun fi ɗaya a wangale. In za a sa fanka a ɗakin mara lafiya, ta fuskanci taga tana tura iska waje. Injin tace iska ba ya rage wannan lambar, ƙwayoyi yake tarewa, kada a ce ya lalace.

Baban Yara:
Duk mun yi ta fasinja. Su ma'aikatan ai sun fi kowa shan wuya. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ce zaman ma'aikaci a jirgi kada ya kai wata 12, kuma mayar da shi gida haƙƙinsa ne. Amma a Satumban 2020 an ƙiyasta ma'aikatan teku 400,000, har da na jiragen kaya, sun maƙale bayan kwantiraginsu ya ƙare, don iyakoki a rufe, jiragen sama a ajiye. Fasinjoji sun koma gida cikin makonni, su wasu sai da suka yi watanni.

Mai Tambaya:
Kyaftin, to wanda duk da haka zai tafi, ana jin raɗe-raɗin wata cuta amma ba a rufe ko'ina ba, wace irin tafiya ce ta fi sauƙin fita?

Kyaftin Ɗan Teku:
Gajeriya, kwana 7 ko ƙasa, wadda za ta tashi ta dawo tasha ɗaya, a ƙasar da kake da izinin zama. Ƙasa ba ta cika ƙin jirgin da ke cike da mutanenta ba. A guji ƙetare teku da zagayen duniya, inda za a yi kwana biyar ko shida ba tudu, don jirgi mai saukar ungulu ba ya kai wa can. A ɗauki ɗaki mai baranda in aljihu zai iya, na ciki ba shi da taga ko ɗaya, kuma waɗanda aka killace a irinsa a Yokohama ɗan lokaci kaɗan ake fito da su shan iska, rukuni-rukuni. A tambayi kamfani a rubuce: in gwaji ya kama ni, a jirgi zan zauna ko za a sauke ni a tasha ta gaba, kuma wa zai biya?

Sai takardu. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, a duba bizar kowace ƙasa da ke kan hanyar, har da wadda ba ka yi niyyar sauka ba, don mara lafiya a tasha mafi kusa ake sauke shi. Tikitin jirgin sama na komawa a sayi wanda ake iya ɗaga ranarsa.